Daga Katsina zuwa Sakkwato ta Sama: Yadda Ake Auna Nisa da Lokacin Tafiyar Jirgi

Gabatarwa

Mutanen Kambarawa ba baƙin ƙarar jirgin sama ba ne, domin filin jirgin Katsina, wanda aka sa wa sunan marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, maƙwabcinsu ne. Musamman lokacin jigilar alhazai, yara kan fito su ɗaga kai suna kallon jirgi har ya ɓace. Amma da za a tsayar da ɗaya daga cikinsu a tambaye shi, "Kilomita nawa ne daga wannan fili zuwa na Sakkwato, kuma minti nawa jirgi zai yi kafin ya isa?" da wuya a sami amsa, ko da kuwa ɗan ajin ƙarshe ne na sakandare.

Waɗannan tambayoyi biyu ba iri ɗaya ba ne. Nisa abu ne tsayayye. Ɗalibi zai iya fitar da shi yana zaune cikin aji, da lambobi huɗu da fensir. Shi kuwa lokaci yana sauyawa daga rana zuwa rana, kuma raba nisa da gudun jirgi ba ya ba da shi daidai. Matuƙin da ya kuskure lissafin lokaci ya kuskure lissafin mai, sararin sama kuwa ba shi da gidan mai. A wannan darasi za mu bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, muna misali da filin Katsina da filin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato.

Adireshin kowane wuri a doron ƙasa

Duniya a mulmule take kamar lemo. Daga cibiyarta zuwa doronta kimanin kilomita 6,371 ne, kewayenta kuwa kimanin kilomita 40,030. Sanin girmanta ba sabon abu ba ne. Wajen shekara ta 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani masani mai suna Eratostenis ya ƙiyasta kewayen duniya ta hanyar kwatanta inuwar tsakar rana a Iskandariyya da ta Aswan a ƙasar Masar. Haka kuma wajen shekarar 830 Miladiyya, Halifa Ma'amun na Bagadaza ya tura masana cikin hamada suka auno tsawon digiri ɗaya na doron ƙasa.

Domin a san mazaunin kowane wuri, masana sun ƙaddara layuka iri biyu a jikin duniya. Na farko su ne layukan kwance, wato latitud, waɗanda ke gaya mana nisan wuri arewa ko kudu da ikwaita, layin nan da ya raba duniya biyu kamar an ɗaura mata ɗamara. Na biyu su ne layukan tsaye, wato lonjitud, waɗanda ke gaya mana nisan wuri gabas ko yamma da layin da ya ratsa Girinic a Ingila, wanda aka amince da shi a matsayin mafari a wani taro da aka yi a Washinton cikin 1884. Dukansu da digiri ake ƙidaya su. Ga na filayenmu biyu:

Katsina: latitud digiri 13.01 arewa, lonjitud digiri 7.66 gabas.
Sakkwato: latitud digiri 12.92 arewa, lonjitud digiri 5.21 gabas.

Waɗannan su ne lambobi huɗun da muka ambata. Abin lura a nan shi ne, latitud ɗin filayen biyu kusan ɗaya ne. Ma'ana, Sakkwato tana yamma sak da Katsina.

Digiri ɗaya kilomita nawa ne?

Da'ira tana da digiri 360. Idan muka raba kewayen duniya, wato 40,030, gida 360, za mu sami kilomita 111.2. Saboda haka duk wanda ya miƙe arewa ko kudu ya ci digiri ɗaya na latitud, ya yi tafiyar kimanin kilomita 111.2, ko a ina yake a duniya.

Lonjitud kuwa yana da tasa ƙa'ida. A ɓare lemon zaƙi a dubi layukan da suka raba ɓangarorinsa. A tsakiyar lemon suna nesa da juna, amma suna matsowa har su haɗu a sama da ƙasa. Haka layukan lonjitud suke. A kan ikwaita, tsakanin layi da layi kilomita 111.2 ne, amma duk sa'ad da aka ƙara yin arewa ko kudu sai tazarar ta ragu, har ta ƙare ƙurmus a ƙololuwar duniya. Ana samun tazarar ta kowane wuri ta hanyar ninka 111.2 da kosin na latitud ɗin wurin, wanda ake dubawa cikin littafin teburan lissafi ko a kalkuleta.

Kosin na digiri 13 shi ne 0.9744. Idan aka ninka shi da 111.2 za a sami 108.4. Ke nan a yankin Katsina da Sakkwato, digiri ɗaya na lonjitud kilomita 108.4 ne.

Lissafin nisa

Mataki na farko, a fitar da bambancin lonjitud: 7.66 a ɗebe 5.21, saura 2.45. A ninka 2.45 da 108.4, a sami kilomita 265.6. Wannan shi ne nisan gabas da yamma.

Mataki na biyu, a fitar da bambancin latitud: 13.01 a ɗebe 12.92, saura 0.09. A ninka 0.09 da 111.2, a sami kilomita 10. Wannan shi ne nisan kudu da arewa.

Mataki na uku, a ɗauki waɗannan tsawo biyu a matsayin ɓangarori biyu na alwatika mai kusurwar digiri 90. Hanyar jirgi ita ce ɓangare na uku, mafi tsawo, wanda ake samu da ƙa'idar Fitagoras. A ninka 265.6 da kanta, a ninka 10 da kanta, a tara su, sa'an nan a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan jimla. Amsar ita ce 265.8, wato kimanin kilomita 266.

Ɗaliban da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO su lura cewa a tambayoyin lonjitud da latitud akan ce a yi amfani da kilomita 6,400 maimakon 6,371. Wannan ba zai sauya amsarmu da fiye da kilomita ɗaya da 'yan kai ba, kuma hanyar lissafin ita ce dai.

Yanzu a kwatanta da hanyar mota. Wanda ya tashi daga Katsina ya bi ta Jibiya da Zurmi da Ƙauran Namoda da Gusau da Talatar Mafara, sai ya ci kimanin kilomita 400 kafin ya shiga Sakkwato. Hanyar mota tana bin garuruwa da gadoji, ta sama kuwa ba ruwanta da su. Sai dai shi ma matafiyin jirgi, idan bai sami na kai tsaye ba ya bi ta Abuja, zai yi kilomita 447 zuwa can, da wasu 489 daga can zuwa Sakkwato, jimla 936. Wato ya ninka nisan asali sau uku da rabi.

Shaida daga faɗuwar rana

Akwai hanyar da mai karatu zai gwada wannan lissafi ba tare da ya hau jirgi ba. Duniya tana juyawa digiri 360 cikin sa'a 24, wato digiri 15 kowace sa'a, ko digiri ɗaya cikin minti huɗu. Tun da Sakkwato tana yamma da Katsina da digiri 2.45, rana za ta faɗi a can bayan ta faɗi a Katsina da kimanin minti 10. Duk wanda ke da ɗan'uwa a Sakkwato ya san cewa da azumi Katsinawa kan riga Sakkwatawa shan ruwa, ko da yake agogonsu ɗaya ne. A duba jadawalin lokutan salla na garuruwan biyu, za a ga wannan tazara.

A nan akwai abin mamaki. Faɗuwar rana tana cin kilomita 266 cikin minti 10, wato tana tafiya yamma da gudun fiye da kilomita 1,600 a sa'a. Wannan ya kusa ninka gudun jirgin fasinja sau biyu. Saboda haka jirgin da ya tashi daga Katsina da almuru ba zai iya cim ma rana a Sakkwato ba.

Can arewacin duniya

A ƙasashenmu da ke kusa da ikwaita, wannan hanya ta alwatika tana ba da amsa mai kyau ko da tafiyar ta yi nisa. A can ƙurewar arewa kuwa labari ya sha bamban, domin layukan lonjitud sun matse ƙwarai. A latitud digiri 60, inda birnin Oslo na ƙasar Norwe yake, digiri ɗaya na lonjitud kilomita 55.6 ne kawai, rabin na ikwaita. A filin jirgin Longyearbyen da ke tsibiran Svalbard, a latitud digiri 78, bai kai kilomita 24 ba. Da Katsina da Sakkwato can suke, da wannan bambanci na digiri 2.45 bai kai kilomita 60 ba.

Wani abin kuma shi ne, a can hanya mafi gajarta ba ita ce wadda ido ke gani a shimfiɗaɗɗiyar taswira ba. A ɗauki Oslo da Ankorej ta jihar Alaska a Amurka, waɗanda latitud ɗinsu kusan ɗaya ne. A taswirar bango sai a ga kamar a miƙe yamma kawai, tafiyar kimanin kilomita 8,800. Amma a sami ƙwallon taswirar duniya, a ɗora zare a kan garuruwan biyu a ja shi ya yi tsai. Za a ga zaren ya haura ta kusa da ƙololuwar arewa, tsawonsa kuwa kimanin kilomita 6,400 ne. Wannan hanya da zare ke nunawa ita ake kira babbar da'ira, kuma ita ce mafi gajarta tsakanin kowane wuri biyu a doron ƙasa. Kamfanin jiragen SAS ya fara cin moriyar wannan cikin 1954, lokacin da ya buɗe hanyar Kofenhagen zuwa Los Anjelis ta yankin ƙanƙara, sa'an nan ta Tokyo ta kan Ankorej cikin 1957.

Lokaci: abin da ya sa rabawa kaɗai ba ta isa ba

Mu komo gida. A aji an koya mana cewa lokaci shi ne nisa a raba da gudu. Jirgi samfurin Boeing 737 yana gudun kimanin kilomita 830 a sa'a idan ya daidaita a sama. A raba 266 da 830, a mayar minti, a sami minti 19. Amma babu jirgin fasinja da zai kai mutum Sakkwato daga Katsina cikin minti 19. Ina sauran lokacin yake tafiya?

Na farko, jirgi ba ya tashi daga inda fasinja suka hau. Sai an rufe ƙofa, an tayar da injuna, ya gangara a hankali zuwa bakin titinsa, ya jira izini daga hasumiya. Haka kuma bayan ya sauka.

Na biyu, ba ya kai cikakken gudunsa sai ya yi sama sosai, inda iska ba ta da kauri. A ƙasa da tsayin ƙafa 10,000, ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ya wuce not 250. Not shi ne ma'aunin gudu na matuƙa jiragen sama da na ruwa, wato mil ɗaya na teku a sa'a, shi kuwa mil na teku mita 1,852 ne. Ke nan not 250 kimanin kilomita 463 ne a sa'a.

Na uku, sauka tana cin hanya. Matuƙa suna da wata ƙa'ida ta ƙiyasi: kowace ƙafa 1,000 da jirgi zai sauko tana bukatar mil uku na teku. Da jirginmu zai hau ƙafa 35,000 kamar mai tafiya Jidda, da saukowa kaɗai ta ci mil 105 na teku, wato kilomita 195 daga cikin 266, abin da ya rage kuwa ba zai ishe shi hawa ba. Don haka a gajeriyar tafiya irin wannan ba ya hawa can ƙoli, kuma ba ya daɗewa a kan babban gudu.

Bari mu ƙaddara ya tsaya a ƙafa 20,000, mu yi ƙiyasi irin na aji. Gangarawa zuwa titi, minti 10. Hawa, minti 10, cikinsu ya ci kilomita 85. Tafiya a daidaice, kilomita 70 cikin minti 6. Saukowa da daidaita kai ga titi, kilomita 111 cikin minti 17. Gangarawa zuwa wurin tsayawa, minti 5. Jimla minti 33 a sama, minti 48 daga rufe ƙofa zuwa buɗe ta. Idan aka raba nisan da wannan lokaci, matsakaicin gudun tafiyar bai wuce kilomita 333 a sa'a ba.

Daga nan muna iya fitar da ƙa'ida mai sauƙi: a raba nisa da gudun jirgi, sa'an nan a ƙara kimanin rabin sa'a. Wannan rabin sa'a kamar kuɗin shiga kasuwa ne, da mai sayen allura da mai sayen raƙumi duk ɗaya za su biya. Daga Katsina zuwa Jidda ta babbar da'ira kimanin kilomita 3,470 ne, wato sa'a 4 da minti 11, a ƙara rabin sa'a ya zama kimanin sa'a 4 da minti 40. A wannan doguwar tafiya rabin sa'ar ba ta taka kara ta karya ba, amma a tafiyar Sakkwato ta fi rabin lokacin duka. Shi ya sa jirgi mai farfela irin ATR 72, mai gudun kimanin kilomita 500 a sa'a, ya dace da gajerun hanyoyi. A lissafin rabawa zai yi minti 32 inda Boeing zai yi 19, bambancin minti 13 kacal, ga shi kuma bai kai shi shan mai ba.

Iska: mai taimako, mai cin riba

Jirgi cikin iska yake iyo, kamar yadda kwalekwale ke tafiya cikin kogi. Saboda haka yana da gudu iri biyu: gudunsa cikin iska, da gudunsa a kan ƙasa. Idan iskar tana bayansa sai a tara, idan tana gabansa sai a ɗebe.

A ɗauki ƙaramin jirgi mai gudun kilomita 200 a sa'a. Idan babu iska, zai yi minti 80 zuwa Sakkwato, minti 80 dawowa, jimla 160. To, a ce iska tana busowa daga gabas da gudun kilomita 40 a sa'a. Da tafiya tana tura shi, gudunsa a ƙasa ya zama 240, ya isa cikin minti 66 da rabi. Da dawowa tana tare shi, gudunsa ya koma 160, sai ya yi kusan minti 100. Jimla ta haura minti 166. Ɗalibai da yawa kan zaci abin da iska ta ci da dawowa shi ne abin da ta bayar da tafiya. Ba haka ba ne, domin jirgin ya fi daɗewa cikin iskar da ke tare shi a kan wadda ke tura shi. A tafiya da dawowa, iska kullum da riba take tashi.

A wasu sassan duniya tasirin ya fi haka nesa. A saman tekun Atlantika akwai wata iska mai ƙarfi da ke busowa daga yamma, wadda ta sa zuwa Landan daga New York ya fi komawa sauri da kimanin sa'a guda. Cikin Fabrairun 2020, wani jirgin British Airways ya yi wannan tafiya cikin sa'a 4 da minti 56 saboda ƙarfin iskar, alhali an saba yin fiye da sa'a shida.

Hazo, rufe hanya da man ajiya

A ƙasar Hausa babban abin da ke ɓata lissafin lokaci shi ne hazon hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta baza ta a sararinmu. Idan hazo ya yi kauri har matuƙi ba zai hangi titi daga nisan da doka ta gindaya ba, sai jirgi ya yi ta kewaya yana jira, ko ya juya zuwa wani fili. Sau da yawa ma ba a barinsa ya baro inda yake. Fasinja kan yi gunaguni, amma Bahaushe ya riga ya ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Haka kuma ba kullum ake samun bin babbar da'ira ba. Jirage suna bin hanyoyin da aka shata musu a sama, suna kauce wa hadari da damina, wani lokaci kuma ƙasa kan rufe sararinta. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai da jiragen alhazan Nijeriya na wannan shekara suka yi zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo, kuɗinta ya ƙaru.

Saboda irin waɗannan dalilai, dokokin sufurin sama na duniya ba su yarda jirgi ya tashi da man tafiyarsa kaɗai ba. Sai ya ɗauki na tafiyar, da ƙari saboda abin da ka iya tasowa, da wanda zai kai shi wani filin idan na farko ya ƙi saukuwa, da kuma na ajiyar ƙarshe, wanda ga jirage masu injin jet zai riƙe su minti 30 a sama. Duk wannan a kan lissafin nisa da lokaci aka gina shi, irin wanda muka yi a sama.

Kammalawa

A ranar 27 ga Oktoban 1925 wasu jirage uku na sojan saman Ingila suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, suna yada zango a hanya, ba su sauka Kano ba sai ranar 1 ga Nuwamba. Nisan da ke tsakanin Alƙahira da Kano bai ragu da taƙi ɗaya ba daga wannan rana zuwa yau, amma tafiyar ta koma ta 'yan sa'o'i. Nisa na ƙasa ne, ana fitar da shi daga latitud da lonjitud. Lokaci kuwa na jirgi ne da iska da yanayi, sai an bi shi mataki mataki.

Muna ba malamai shawara su kai ƙwallon taswira da zare da lemo cikin aji, su bar ɗalibai su auna da hannunsu, domin gani ya kori ji.

Aikin gida

1. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana latitud 12.05 arewa, lonjitud 8.52 gabas. Nemi nisansa daga filin Katsina. Ɗauki digiri ɗaya na lonjitud a matsayin kilomita 108.6.
2. Filin jirgin Maiduguri yana latitud 11.86 arewa, lonjitud 13.08 gabas. Da wannan ma'auni na 108.6, nemi nisansa daga Katsina, da lokacin da jirgi mai gudun kilomita 830 a sa'a zai ɗauka daga rufe ƙofa zuwa buɗe ta.
3. Da minti nawa rana ke riga faɗuwa a Maiduguri kafin Katsina?
4. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da sa'a biyu. Jirgin alhazai ya bar Katsina da ƙarfe 10 na dare ya bi hanya kai tsaye. Ƙarfe nawa zai isa Jidda a agogon can?

Amsoshi: (1) kimanin kilomita 142, (2) kimanin kilomita 602, sa'a ɗaya da kwata, (3) kimanin minti 22, (4) wajen ƙarfe 4:40 na asuba.